Kwalin diskit ɗin Kawu: da DOSBox-X, vDos, 86Box ko VirtualBox za a tashi tsohuwar manhajar ofis?

Wata Asabar bayan la'asar kawuna ya aiko yaro da kwalin madara ɗaure da igiyar leda. A ciki akwai diskit sun haura sittin, an rubuta wa kowanne suna da biro: "mambobi", "wasiƙu", "albashi 96", sai kuma wani jeri mai lambobi da aka rubuta WP51 a kansu. Kawu ya daɗe yana sakataren wata ƙungiyar adashi da rance ta ma'aikata, yanzu kuma magadan wani mamba sun taso da maganar kuɗin da suke cewa mahaifinsu ya bari a ƙungiyar. Littattafan takarda tuni gara ta gama da su. Da na kira shi, cewa ya yi, "Kai ne ka san kan kwamfuta a gidan nan. Ka fito mini da lissafin nan kafin a kai ni gaban alƙali da furfurata." Na ce, "Ranka ya daɗe Kawu, in sha Allahu, amma a yi mini haƙurin mako biyu."

Mako biyun ya zama wata guda da 'yan kwanaki. A cikinsa na gwada hanyoyi huɗu na tayar da tsohuwar manhaja a kan sabuwar kwamfuta. Na kuma san ba Kawu kaɗai ke da irin wannan kwali ba, domin duk wanda ya yi aikin ofis ko ya riƙe bizines santa daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 2000 yana da nasa a saman kabad.

Matsalar daga tushe take. Lotus 1-2-3 da ya fito a 1983, da dBase III Plus, da WordStar, da WordPerfect 5.1 na 1989 mai shuɗin allon nan, duk a kan MS-DOS suke aiki, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kafin Windows, kuma manhajoji ne masu bit 16. Windows mai bit 32 yana da wani ɗan ɗaki da yake saukar da irinsu a ciki, ana kiransa NTVDM. Windows mai bit 64 ba shi da wannan ɗaki, Windows 11 kuwa bit 64 kaɗai yake zuwa. Shi ya sa idan ka danna WP.EXE, fayil ɗin da ke tayar da WordPerfect, a laftof ɗinka sai ya ce maka ba zai iya buɗewa ba. Emuleta manhaja ce da ke yin shigar tsohuwar kwamfuta, ta yaudari WordPerfect ya ɗauka har yanzu a kan injin 1990 yake zaune.

Kafin a zo maganar emuleta

Duk hanyar da za ka zaɓa, aikin farko ɗaya ne: ka kwashe abin da ke cikin diskit ɗin sau ɗaya, ka ajiye shi gefe, kada ka ƙara taɓa shi. Diskit mai shekara talatin yakan karantu yau ya ƙi gobe. Kamfanin Sony ma ya daina yin su tun 2011, don haka ba wani sabo da za ka mayar da abin a kai.

Idan ƙananan nan ne masu inci 3.5, na'urar karanta diskit mai USB ta isa, tana karanta masu MB 1.44 da masu KB 720. Kafin ka zura kowanne, ka duba kusurwarsa akwai ɗan makulli mai zamewa, ka tura shi har ramin ya buɗe ka hango haske ta ciki. Wannan ne ke hana a yi rubutu a kansa, kuma Windows yakan yi ɗan rubutunsa a diskit ɗin da ba a kulle ba ko da kallo kawai ka shiga yi. Sannan ka ja murfin ƙarfen ka leƙa fuskar faifan. In ka ga ɗigo-ɗigon fari, fumfuna ce, ka ware shi. Ni ban san haka ba da farko. Na zura wani mai datti, ya shafa wa kan na'urar, kan na'urar kuma ya karce lafiyayyen diskit ɗin da ya biyo baya. Tun daga nan nake goge kan da auduga da sifirit mai tsabta bayan kowane 'yan diskit kaɗan. Ƙurar hunturu da zafin ɗakin kwano ba su bar komai yadda yake ba.

Kada kuma ka tsaya a kwafar fayil ɗai-ɗai. Ka ɗauki kwafin faifan sak, daga farkonsa har ƙarshensa, ya zama fayil guda mai ƙarewa da IMG. A Windows manhajar WinImage na yin haka, a Linux akwai ddrescue, wadda ta fi haƙuri da wuraren da suka lalace, tana tsallakewa ta dawo ta sake gwadawa. Kowane kwafin diskit mai MB 1.44 bait 1,474,560 ne, wato diskit sittin gaba ɗaya ba su kai MB 100 ba. Duk tarihin ƙungiyar su Kawu bai kai nauyin bidiyon biki ɗaya ba.

Manyan nan masu laushi, masu inci 5.25, su ne masu wahala, domin na'urar USB ɗin nan ta kasuwa ba ta karɓar su. Sai ka nemo tsohuwar na'urarsu daga cikin matacciyar kwamfuta, ka haɗa ta da wani ɗan allo da ake kira Greaseweazle, wanda Keir Fraser ya ƙirƙira. Shi yana karanta maganaɗisun faifan kai tsaye, saboda haka yakan ceto abin da na'urar yau da kullum ta ce ya mutu.

Sai bairos. Diskit ɗin da ya yi yawo a bizines santa a wancan zamani da wuya ya fito da tsarki. Irin su Stoned da Form da Michelangelo a farkon faifan suke ɓuya. Ba su da wani kataɓus a kan Windows na yau, amma ka tayar da emuleta daga irin wannan faifan, sai su farka su kama kwamfutar ƙaryar kamar yadda suke kama ta gaske. Ka bincike kwafin tukuna.

Anya ma kana bukatar emuleta?

Wannan tambayar ce mutane ke tsallakewa, alhali ita ce ke raba hanya. Idan abin da kake nema wasiƙu ne, ko bayanan taro, ko kundin digirin da aka buga maka a 1994, to ba manhajar kake bukata ba, rubutun kake bukata. LibreOffice, wadda kyauta ce, tana buɗe fayilolin WordPerfect, da WK1 na Lotus, da DBF na dBase, da na Microsoft Works, har da na PageMaker na baya-bayan nan. Shi kansa Excel ya daina buɗe fayilolin Lotus tun fitowar ta 2007, saboda haka in ya ƙi, kada ka ɗauka fayil ɗin ne ya lalace.

Abin da zai ɗan rikita ka shi ne sunaye. DOS harafi takwas yake ba ka da uku a baya, WordPerfect kuma ba ya tilasta wa kowa abin da zai sa a ukun, sai ka ga MINUTES.JAN ko LETTER.007. Ka buɗe irin wannan da Notepad, in ka ga haruffan WPC a farkon tarkacen da ya fito, to na WordPerfect ne. Wasiƙun Kawu duka ta nan na fitar da su cikin yini ɗaya, ban kunna wani emuleta ba. Shafuka sun ɗan gurɗe, domin WordPerfect yana tsara shafi ne gwargwadon firintar da aka zaɓa masa, amma kalma ko ɗaya ba ta ɓace ba.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Diskit ɗin "mambobi" ya buɗu shi ma, sai ga layuka da ginshiƙai masu suna irin BAL1, DED2, CD, cike da lambobin da Kawu kansa ya ce bai san su ba. Shi abin da ya sani, yana danna 3 a kan allo, ya rubuta lambar mamba, takarda ta fito da lissafinsa. Ma'anar lambobin tana cikin wata 'yar manhaja da wani ɗan bautar ƙasa ya rubuta musu da Clipper, wani harshen rubuta manhaja dangin dBase, ya gama hidimarsa ya tafi. Ita ta san cewa wannan ginshiƙi ake cirewa daga wancan. A irin wannan hali, ko idan lissafin Lotus ne cike da makro, wato jerin umarnin da ke yin aiki da kansu, ko kana son takarda ta fito da kamannin da aka san ta da su don a gabatar a gaban hukuma, dole manhajar ta tashi da kanta.

DOSBox na asali ka bar shi

Shi ne sunan da kowa zai fara faɗa maka. Ya fito a 2002, kuma don wasannin DOS aka yi shi, masu shi ba su ɓoye hakan ba. Ba ya aika komai zuwa firinta, ba ka iya kwafo rubutu daga cikinsa ka liƙa a Word, fitowarsa ta 0.74-3 kuma tun 2019 take. WordPerfect zai buɗu a cikinsa, ka ji daɗi na minti goma, sannan ka danna Shift da F7 don bugawa, shiru. Amfaninsa a wurinmu shi ne 'ya'yan da ya haifa.

DOSBox-X da vDos, 'yan uwan da halinsu ya bambanta

Dukansu daga DOSBox suka tsago, kuma dukansu ba sa bukatar ka nemo MS-DOS, suna zuwa da nasu DOS ɗin na ciki. Ba sa kuma kulle fayilolinka a cikin wani faifan ƙarya. Folda ce ta Windows kake nuna musu ka ce wannan ita ce C, shi ke nan. A DOSBox-X sai ka rubuta mount c c:\tsoho, a vDos kuma umarnin USE ke yin wannan aiki a cikin fayil ɗin autoexec.txt. Duk abin da tsohuwar manhajar ta adana, nan take kana ganinsa a foldarka, ka jefa a filashi. Ga mai aikin ofis wannan ya fi komai.

vDos, wanda Jos Schaars ya yi, an yi shi ne da niyya guda, wato manhajojin kasuwanci masu allon rubutu zalla. An cire masa kayan wasa, sauti da sandar wasa da sauransu, aka mayar da hankali ga abin da akawu ke so. Rubutu yana fitowa tas, da haruffan Windows masu kaifi, ba dishi-dishin tsohon allo ba, abin da mai tabarau zai gode wa. Yana kai aikin bugawa ga firintar da ke haɗe da Windows. Yana kuma mutunta kulle fayil da kulle layi, ma'ana in kwamfuta biyu a ofis suna aiki da DBF guda, ɗaya ba za ta rubuta a kan abin da ɗayar ke gyarawa ba. Duk wanda ya taɓa ganin rajistar da ta hargitse saboda mutum biyu sun adana lokaci guda ya san darajar wannan. Iyakarsa kuma a fili take: a Windows kaɗai yake aiki, ba a tayar da shi daga kwafin diskit, kuma da zarar manhaja ta fara neman zane-zane masu yawa ko wata dabara ta kayan cikin inji, sai ya fara ɗingishi.

DOSBox-X, wanda Jonathan Campbell ya faro, akasin haka ne. Shi komai yake son ya iya. Yana aiki a Windows da Linux da Mac. Yana karɓar kwafin diskit da umarnin imgmount, wanda ke nufin za ka iya girka manhaja daga faifai na 1 zuwa na ƙarshe kamar yadda ake yi a da, kana musanyawa idan ta nema. Yana da nasa salon fitar da rubutu mai kaifi idan ka sa output=ttf, ana kwafa da liƙawa tsakaninsa da Windows, kuma yana kwaikwayon firintar Epson mai allura, ya mayar da shafin hoto ko fayil ɗin PostScript ko ya miƙa wa firintarka. Har Windows 3.1 da 95 da 98 suna hawa kansa. Sannan kana iya rage masa gudu ko ka ƙara, abin da za mu ga amfaninsa nan gaba. Farashin wannan duka shi ne fayil ɗin saitinsa, mai tsawo kamar hanyar Kano zuwa Maiduguri. Ranar farko da na buɗe shi na rufe. Sai daga baya na gane layuka biyar ko shida ne suka shafe ni, sauran a bar su yadda aka same su.

Manhajar Kawu a dukansu ta tashi. A DOSBox-X ta fara faɗuwa da saƙon DOS Error 4, wanda ke nufin fayilolin da take son buɗewa lokaci guda sun fi adadin da aka yarje mata. Ciwon manhajojin Clipper ne da aka sani: ka ɗaga adadin FILES a saiti, ka ƙara layin SET CLIPPER=F101 kafin ta tashi. Daga nan ta miƙe. Na kuma mayar da kwanan watan ciki zuwa 1998 da umarnin DATE, domin ɗan bautar ƙasar nan da lamba biyu yake rubuta shekara, ban kuma so manhajar ta ɗauka muna shekara ta 1920 da wani abu ba.

To wanne a cikinsu? Idan manhajar za ta ci gaba da aiki ne kullum, misali kantin magani ko makarantar da har yau rajistarta ke kan FoxPro ko Clipper kuma tsohuwar kwamfutar ta mutu, ni vDos zan girka musu, domin wanda zai zauna a gabanta ba zai ma san akwai emuleta ba, zai danna alama ne ya ga allon da ya saba. Idan kuwa tono ake yi, kwali ne a gabanka ba ka san me za ka tarar ba, DOSBox-X ya fi, domin duk ta inda abin ya ɓullo yana da amsa. Masu WordPerfect musamman su nemi shafin Edward Mendelson, malami a Jami'ar Columbia ta Amurka, wanda ya daɗe yana harhaɗa shiryayyun tsare-tsare na tafiyar da WordPerfect na DOS a kan irin waɗannan emuletoci. Ya rage wa mutane wahala mai yawa, musamman ta wajen bugawa.

Tun da na ambaci bugawa: dabarar da ta fi yi mini aiki a WordPerfect ita ce in zaɓa masa firinta mai PostScript irin Apple LaserWriter, in sa ya buga zuwa fayil, sannan manhajar Ghostscript ta mayar da fayil ɗin PDF. Ita kuwa manhajar Kawu, lambobin Epson take turawa kai tsaye, irin na LX-300 mai ƙarar nan kamar injin niƙa, don haka kwaikwayon Epson ɗin ya dace da ita daidai.

86Box, ga wanda yake son injin gaba ɗaya

Wannan wata halitta ce daban. Ya tsago ne daga PCem, wanda Sarah Walker ta fara a 2007. Su DOSBox-X suna kwaikwayon DOS ne da abin da ke kewaye da shi, shi kuwa 86Box yana kwaikwayon ƙarfen ne kansa, guntu-guntu, tun daga IBM PC na 1981 har zuwa zamanin Pentium II. Kai za ka zaɓi allon uwa, ka ce furosesa 386 ce mai gudun MHz 33, memori MB 4, katin allo kaza. Sai ka nemo fayilolin ROM na wannan inji ka zuba masa. Ka kunna, ka ga yana ƙirga memori, ka shiga BIOS ka saita, ka yi FDISK, ka yi FORMAT, ka girka DOS. Duk abin da injiniyan kwamfuta ke yi a 1993 sai ka yi shi. Na sha dariya ni kaɗai da na ga saƙon kuskuren CMOS a kan laftof, kamar batirin agogon ƙarya ya mutu.

Wahalar tana da lada a wurare uku. Na farko, manhajojin da ke da kariyar hana kwafi. Fitowar farko-farko ta Lotus 1-2-3 tana neman faifan asali a cikin na'ura kafin ta buɗe, tana laluben wata alama da kwafin yau da kullum ba ya ɗaukowa. In an ɗauki faifan da Greaseweazle aka mayar da shi irin fayil ɗin da ke riƙe wannan alama, 86Box ne ya fi kusa da gamsar da ita. Na biyu, manhajojin da gudu ke kashewa. Da yawa daga abin da aka rubuta da harshen Turbo Pascal suna mutuwa da saƙon Runtime error 200 a kan furosesar da ta wuce kimanin MHz 200, domin wani ɗan lissafin jinkiri da suke yi a farko yana ambaliya. FoxPro 2.6 na Windows ma yana da irin wannan ciwo a kan inji mai sauri. A 86Box injin da gudunsa na asali yake tafiya, matsalar ba ta ma tasowa. DOSBox-X ma yana maganinta idan ka rage gudu, sai dai da lalube. Na uku, wanda yake son ya adana kwamfutar ofis ɗin ne sukutum, ya ɗauki kwafin babban faifanta ya ɗora a kan inji mai kama da ita.

Amma ga mai neman lissafi kawai, wannan kamar a yanka albasa da gatari ne. Fayilolinka suna kulle a cikin faifan ƙarya, fitar da su sai ta kwafin diskit, ko ka kashe injin ka buɗe fayil ɗin faifan ƙaryar, mai ƙarewa da VHD, ta Windows. Yana kuma cin furosesa ba sassauci. Kwaikwayon 386 ko 486 laftof matsakaiciya za ta ɗauka, amma ka haura zuwa Pentium sai ka ga kason gudun da yake nunawa a sama ya sauko ƙasa da 100, komai ya fara jan ƙafa. Fanka na ta huci, batir na ta zuba. A inda wuta ke zuwa ta tafi ba sallama, wannan abin lissafawa ne, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu tana lalata faifan ƙarya kamar yadda take lalata na gaske.

VirtualBox

Shi ba kwaikwayo yake yi ba, aron furosesarka ta gaske yake ba tsohon tsarin da ka girka a cikinsa. Saboda haka yana da sauri, saurin kuma shi ne aibinsa ga DOS: Runtime error 200 na nan na jiranka, DOS ɗin ma ko ba ya komai yana riƙe furosesa sai ka sa masa irin su FDAPM, 'yar manhajar da ke barin furosesa ta huta. Babu kayan haɗin folda na DOS ko Windows 95 da 98 a cikinsa. Inda ya yi zarra shi ne zamanin Windows 2000 da XP. Wanda ke da lissafin Peachtree, ko rajistar Access 97 wadda Access na 2013 zuwa sama ya daina buɗewa, ko aikin ɗab'i a PageMaker da tsohon CorelDraw, nan ne gidansa. Akwai foldar tarayya, akwai USB. Ka tabbata an kunna VT-x ko AMD-V, saitin da ke ba da damar aron furosesar, a BIOS ɗin kwamfutarka, kuma kada ka haɗa XP ɗin da intanet, Microsoft ta daina yi masa rigakafi tun Afrilun 2014.

Akwai kuma wata 'yar gajeriyar hanya ga manhajojin Windows 3.1, wato otvdm, wadda ke sa su buɗu kai tsaye a kan Windows mai bit 64. Ba kowacce ke yarda ba, amma gwajin minti biyar ne. Abin da babu emuletan da zan yi maka alkawari a kansa shi ne dongul, ɗan makullin nan da ake soka wa a ramin firinta. In manhajarka da shi take tashi, ka lallaɓa tsohuwar kwamfuta ta gaske, ka sake mata batir da fanka.

Haruffanmu masu lanƙwasa

Ga wani abu da bature mai rubutu kan emuleta ba zai faɗa maka ba. Jerin haruffan da DOS ke zuwa da shi ba shi da ɓ, ɗ, ƙ. Takardun Hausa na wancan lokaci ko dai an bar su ba lanƙwasa, ko an bi da biro bayan an buga. Da Windows ya shigo sai aka samu zubin haruffa na musamman, irin waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙira a Kano a shekarun 1990. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce a ari wani maɓalli a ɗora masa harafin Hausa. Shi ya sa in ka buɗe tsohon rubutu a kwamfutar da ba ta da zubin sai ka ga }asa a madadin ƙasa, wa]anda a madadin waɗanda, ta~a a madadin taɓa, a wasu kuma qasa da xaya da vata. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Emuleta ma ba zai gyara maka ba sai ka girka masa zubin asali a ciki. Magani mai ɗorewa shi ne nemo-da-musanya a Word ko LibreOffice, kowace alama a mayar da ita harafin Unicode na gaske. Ka dai kula da masu q da x da v, kada ka lalata sunayen Turanci da ke cikin rubutun.

Maganar halasci kuma a taƙaice. Tsufan manhaja ba ya sauke haƙƙin mai ita. Ashton-Tate ta koma hannun Borland a 1991, Lotus ta koma IBM a 1995, WordPerfect ta bi ta Novell ta isa Corel a 1996, haƙƙin yana bin sabon mai shi. Wanda ke da faifansa na asali ya fi kowa kwanciyar hankali. Shi DOS kuwa akwai FreeDOS, wanda Jim Hall ya faro a 1994, kyauta ne kuma halas, yana hawa 86Box da VirtualBox ba gardama.

Abin da ya faru da lissafin

Da manhajar ta tashi na danna 3 na rubuta lambar marigayin, sai ta ce babu wannan mamba. Gabana ya faɗi. A LibreOffice ma layinsa bai fito ba. Sai na tuna wata ɗabi'a ta dBase da danginsa: in an goge layi, ba a cire shi, alamar tauraro kawai ake sa masa a gaba, yana nan kwance har sai an ba da umarnin PACK. A kan wani kwafi daban na buɗe fayil ɗin da dBase a cikin DOSBox-X, na rubuta SET DELETED OFF, na jero layukan. Ga shi nan da tauraronsa. Na yi masa RECALL, na sake gina fayilolin NTX, waɗanda da su ake gano layin kowane mamba, ta cikin manhajar, na koma na danna 3. Takarda ta fito da tarihinsa wata-wata, har zuwa watan da ya karɓi ajiyarsa ya fita daga ƙungiyar, da wani ɗan saura da ba a biya shi ba.

Na kai wa Kawu takardar da kwafin fayil ɗin asali wanda ban taɓa ba, saboda in an tambaya a nuna cewa goge layin tun wancan zamani aka yi shi. Ya sa tabarau ya bi ta da yatsa har ƙasa, ya ce, "Wannan sauran ni zan biya su daga aljihuna, a wuce wurin." Sannan ya tambaye ni "albashi 96". Shi yana cikin guda tara masu fumfuna da na ware a leda, kuma su sai Greaseweazle ɗin da na yi oda ya iso.